Gajiyar zuci ga ma'aikatan jinya: mi ke kawo ta, ƙaƙa za mu rage ta?



Duk inda aka zauna hira, gindin bedi ko bakin rijiya, in aka taɓo zancen gidan likita, kuka iri ɗaya za ka ji. Wannan ya ce: «Majo ya yi mini tsawa gaban mutane.» Waccan ta ce: «Anfirmiye ko kallon yaron ba ta yi ba, ta rubuta takarda ta miƙo mini.» Akwai matan da suka gwammace su haihu gida, akwai iyayen da ke tsayawa ga mai tallar magani na kasuwa, don kawai gudun wulaƙanci. Kukan nan gaskiya ne, kuma yana jawo asarar rayuka.

Amma akwai tambayar da ba mu cika yi ba. Yarinyar da ta shiga makarantar koyon jinya ta Damagaram ko ta Yamai da murna, ta hito da niyyar taimakon jama'a, mi ya maida ta mai ɗaure huska bayan shekara biyar ko goma? Saurayin da ya fara aiki yana bin marasa lahiya har gida, mi ya sa yau ko gaisuwa ba ya amsawa?

Manomi ya san amsar irin wannan tambaya a gonarshi. Gonar da ake nomawa kowace damina, ba taki, ba hutu, sannu-sannu takan mutu. Irin bai canza ba, hannun manomi bai canza ba, amma damin da ake samu sai raguwa yake. Ba wanda ke zagin gonar. Kowa ya san an ɗiba ne ba a mayar ba. Haka abin yake ga mai aikin jinya. Masana sun yi shekara 50 suna binciken wannan al'amari, kuma abin da suka gano shi ne za mu kawo muku yau.

Mi ake nuhi da gajiyar zuci?

Gajiya iri biyu ce. Akwai gajiyar jiki, wadda kowane manomi ya sani: ka wuni da hauya, ka ci tuwo, ka kwanta, gari ya waye ka tashi garau. Akwai kuma wadda barci ba ya kawar da ita. Mutum ya tashi da sahe, da ya tuna wurin aiki sai gabanshi ya faɗi. Ita ce muke kira gajiyar zuci. Sunan da Turawa suka ba ta yana nuhin wutar da ta cinye itacenta duka, ta bar toka.

Wanda ya fara bayyana ta a rubuce ga masu aikin taimakon jama'a shi ne Herbert Freudenberger, wani masanin halayyar ɗan Adam na birnin New York a Amurka, a shekara ta 1974. Yana aiki a wani gidan magani na kyauta inda ake kula da masu shaye-shaye. Ya lura cewa masu aikin sa-kai da suka zo da himma, bayan kamar shekara guda sai su koma masu saurin hushi, masu yawan ciwon kai da rashin barci. Ya kuma lura cewa waɗanda suka hi ba da kansu ga aikin su ne abin ya hi kamawa.

A 1981 wata malamar jami'a ta jahar Kaliforniya, Christina Maslach, tare da Susan Jackson, suka tsara tambayoyi 22 na auna wannan gajiya. Har yau da su ake amfani a ƙasashe da yawa. Sun nuna cewa tana da alamu 3:

1. Ƙarewar ƙarhi. Mutum ya ji ba abin da ya rage mashi da zai ba wani, ko magana mai daɗi.

2. Bushewar zuciya. Ya daina ganin marar lahiya a matsayin ɗan Adam mai suna da dangi, ya koma ganinshi kamar wani kaya da za a sauke.

3. Raina aikin kai. Ya riƙa jin duk wahalar da yake sha banza ce, ba ta gyara komi.

A watan Mayu na 2019 Hukumar Lahiya ta Duniya, wadda aka sani da OMS, ta bayyana wannan gajiya cikin kundinta na cututtuka da matsalolin lahiya. Ba ta lasafta ta cikin cututtuka ba. Ta ce matsala ce da ke tasowa daga matsin wurin aiki wanda ya daɗe ba a magance shi ba. Wannan magana tana da muhimmanci: tushen abin yana wurin aiki. Saboda haka can ya kamata a fara neman dalilai.

Dalili na 1: aiki ya yi yawa, hannuwa sun yi kaɗan

Wannan shi ne uban dalilai. A 2002 wata masaniya mai suna Linda Aiken da abokan aikinta suka bayyana sakamakon binciken da suka yi a asibitoci 168 na jahar Pensilbaniya ta Amurka. Sun tambayi ma'aikatan jinya sama da dubu 10, sun kuma duba takardun mutum sama da dubu 230 da aka yi wa aikin tiyata. Suka gano cewa duk lokacin da aka ƙara wa ma'aikaci marar lahiya guda bisa waɗanda yake kula da su, haɗarin ya kamu da gajiyar zuci na ƙaruwa da kashi 23 cikin 100. Haɗarin marar lahiya ya rasu cikin kwana 30 kuma na ƙaruwa da kashi 7 cikin 100. Can ana zancen mutum 4 zuwa 8 ne ga ma'aikaci guda.

To, ina ga ƙasarmu? A 2016 Hukumar Lahiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kowace ƙasa na bukatar lokotoro da ma'aikatan jinya da unguwarzoma kimanin 45 ga kowane mutum dubu 10. Nijar ba ta kai ko 10 ba. Ƴan kaɗan ɗin da ake da su kuma sun hi taruwa a Yamai da manyan birane. Ga jama'a na ƙaruwa: ƙidayar 1988 ta samu mutum miliyan 7 da ɗoriya, ta 2012 ta samu miliyan 17.

Aikin kuma yana da lokacin da yake tumbatsa. Daga Yuli zuwa Oktoba, sa'ad da rumbu ya yi ƙasa, tamowa da zazzaɓin cizon sauro sukan haɗu kan yara lokaci guda. A gidan likita na karkara, mutum biyu ko uku ne za su duba marasa lahiya, su yi allura, su sa ƙarin ruwa, su yi awon ciki, su karɓi haihuwa, su hita rigakahi ƙauyuka. Wanda layin mutum ɗari ke jiranshi ba ya iya ba kowa minti goma, ko da yana so.

Dalili na 2: gardi da rashin barci

Ciwo ba ya duba agogo, saboda haka dole wani ya kwana a farke. Amma jikin ɗan Adam yana da iyaka. Wani bincike da aka bayyana a 2015, wanda ya haɗa ma'aikatan jinya sama da dubu 31 a ƙasashe 12 na Turai, ya nuna cewa masu aikin awa 12 ko hiye a jere sun hi kamuwa da gajiyar zuci, sun kuma hi tunanin barin aikin, bisa masu yin awa 8.

A karkara lissahin awa ma ba ya yiwuwa. Gidan majo sau da yawa yana jikin gidan likita. Ana ƙwanƙwasa mashi ƙofa tsakar dare, ranar Juma'a, ranar salla. Wanda ya kwana karɓar haihuwa shi ne zai buɗe ɗakin awo da ƙarhe takwas. Ga zahin watan Afrilu da Mayu, wanda kan wuce awo 40, ba ya barin mutum ya rama barci da rana. Rashin barci yana rage haƙuri, yana rage lura, yana sa mantuwa. Direban da bai yi barci ba kowa na tsoron shiga motarshi; mai riƙe da allura ma haka ne.

Dalili na 3: sanin magani, rashin magani

Ba abin da ke cin ran ma'aikaci kamar ya san abin da zai ceci yaro, ya duba bai samu ba. Ba jinin da za a ƙara, ba iskar shaƙa, ba man motar ɗaukar marasa lahiya, ko kuma wuta ta ɗauke ana cikin ɗinki, sai an haska da salula.

Mun ga misalin wannan a ƙasarmu. A 2006 gwamnati ta maida maganin yara ƴan ƙasa da shekara 5 da awon ciki kyauta. Shiri ne mai kyau, kuma iyaye sun amsa, yaran da ake kawowa suka ƙaru ƙwarai. Amma kuɗɗin da ya kamata gwamnati ta maida wa gidajen likita sun riƙa daɗewa, wani lokaci watanni da yawa. Sai magani ya riƙa yankewa. Uwa ta ji a rediyo an ce kyauta ne, ta zo aka miƙa mata takarda aka ce ta saya a waje. Wa za ta tuhuma? Wanda ke gabanta. Shi kuwa ba shi ya riƙe kuɗɗin ba. Ma'aikacin da ake kira ɓarawo kan laihin da ba nashi ba, yau da gobe sai zuciyarshi ta bushe.

Dalili na 4: yawan ganin mutuwa

Yawancinmu muna ganin mutuwa jefi-jefi. Mai aikin jinya a ɗakin yara yana iya ganinta sau da yawa cikin mako guda. A yunwar 2005, ƙungiyar likitocin nan ta MSF kaɗai ta kula da yara sama da dubu 60 masu tamowa mai tsanani a Nijar, akasarinsu a jahar Maraɗi. A annobar sanƙarau ta 2015 an lasafta mutum wajen 8.500 da suka kamu cikin wata shida, sama da 570 suka rasu. A watan Maris na 2020 cutar korona ta shigo ƙasar, ma'aikata suka riƙa aiki da tsoron kai cutar gida ga iyalinsu. A duniya baki ɗaya, Hukumar Lahiya ta ƙiyasta ma'aikatan lahiya tsakanin dubu 80 da dubu 180 suka rasu da ita daga Janairu 2020 zuwa Mayu 2021.

Bayan kowace rasuwa dangi na samun masu yi musu ta'aziyya. Ma'aikacin da yaron ya cika a hannunshi kuwa, wanke hannu zai yi ya kira na gaba. Abin ya hi ciwo in an kawo yaron a makare, bayan kwana huɗu ana jiƙe-jiƙe a gida. Don ya iya ci gaba da aiki, sai mutum ya koyi kulle zuciyarshi. Wannan kullewa ita muke gani daga waje mu ce rashin tausayi ne.

Dalili na 5: ƙarancin lada da rashin adalci

Lada ba albashi kaɗai ba ne, ko da yake albashi na gaba. A gidajen likita da yawa za ka tarar da ma'aikata iri uku suna aiki guda: wanda gwamnati ta ɗauka dindindin, ɗan kwantaragi mai ƙaramin albashi, da mai aikin sa-kai wanda ya gama makaranta yana jiran a ɗauke shi. Mai tunanin kuɗɗin haya da hatsin gida, rabin hankalinshi ba ya wurin aiki.

Bayan kuɗɗi akwai yabo. Wanda ya yi dare goma yana ceton rayuka ba wanda ya ce mashi sannu, ran da ya yi kuskure guda gari duka ya ji, dole gwiwarshi ta yi sanyi.

Sai kuma adalci. In ma'aikaci ya ga mai uwa a gindin murhu ana barinshi birni, ana tura shi taron ƙara ilimi mai kuɗɗin guzuri, shi kuwa ya shekara bakwai a ƙauye mai nisa ba canji, zai ce a ranshi: himmar mi? Maslach da abokin aikinta Michael Leiter sun sa rashin lada da rashin adalci cikin manyan abubuwa 6 da ke haddasa wannan gajiya. Sauran huɗun su ne yawan aiki, rashin ta cewa, rashin haɗin kai, da aikin da ya saɓa wa abin da mutum ya yarda da shi.

Dalili na 6: zagi, barazana da matsin sanayya

A nan mu jama'a muke da hannu kai tsaye. Hukumar Lahiya ta Duniya ta ce tsakanin kashi 8 da kashi 38 cikin 100 na ma'aikatan lahiya ana kai musu duka ko wani hari a tsawon aikinsu. Waɗanda ake zagi ko yi wa barazana sun hi haka yawa. Ma'aikatan jinya suna cikin waɗanda abin ya hi faɗa wa, don su ne kusa da gado, su ne dangi ke fara gani in rai ya ɓaci.

Akwai kuma matsin da ba ya kama da faɗa. Mai kuɗɗi ya zo yana son a tsallake layi da shi. Ɗan'uwa ya aiko yana son magani kyauta. Wani babba ya bugo waya a kan nashi. In ma'aikaci ya ƙi, a ce ba shi da mutunci. In ya yarda, talakan da ya zo tun asuba ya tsine mashi. Ta ko'ina shi ne mai laihi.

A 2003 wasu masana biyu, Yannick Jaffré da Jean-Pierre Olivier de Sardan, suka hitar da littahi kan zaman ma'aikatan lahiya da marasa lahiya a manyan birane 5: Abijan, Bamako, Konakiri, Dakar da Yamai. Sun bayyana wulaƙancin da marar lahiya ke gamuwa da shi, musamman wanda bai san kowa ba. Abin lura shi ne matsalolin sun yi kama da juna a biranen duka biyar. Abin da ya zama ruwan dare a ƙasashe biyar ya wuce halin mutum guda, yana da alaƙa da yadda aka tsara aikin.

Dalili na 7: kaɗaici da nauyin gida

Rahoton Hukumar Lahiya ta Duniya na 2020 ya nuna cewa cikin ma'aikatan jinya 10 na duniya, wajen 9 mata ne. Macen da ta sauka daga gardi, wani aikin ke jiranta: girki, wanki, reno, baƙi, biki da ta'aziyya. In ta makara wurin aiki a yi mata faɗa, in ta daɗe wurin aiki a yi mata faɗa a gida.

Wanda aka tura nesa kuma yana fama da kaɗaici. Ya bar iyalinshi a birni, wataƙila ma ba ya jin harshen mutanen wurin sosai. In ciwo mai wuya ya zo, ba wani na gaba da shi da zai tambaya. Bincike a ƙasashe da dama ya nuna cewa sababbin ma'aikata, masu ƙarancin shekaru, sun hi saurin kamuwa. Ya kuma nuna cewa goyon bayan shugaba da na abokan aiki yana cikin abubuwan da suka hi kare mutum.

Dalili na 8: aikin takardu da rashin ta cewa

Bayan marasa lahiya sun watse, majo yana da wani aikin: cika rajista. Rigakahi da tata takarda, tamowa da tata, awon ciki da tashi, kowane shiri da irin rahoton da yake so a ƙarshen wata. Ƙididdiga tana da amfani, da ita hukuma ke sanin inda annoba ta ɓulla. Amma in ta yi yawa takan cinye lokacin hutu. Ƙari kan haka, sau da yawa daga sama ake yanke shawara, ranar kaza za a yi kaza, ba a tambayi wanda zai yi aikin ba. Nauyi a kanka, iko a hannun wani: wannan yana gajiyar da mutum hiye da aikin kanshi.

Wa ke biyan bashin?

Ma'aikaci ne ke fara biya. Ciwon kai, ciwon ciki, rashin barci, faɗa da iyali. Wasu sukan nemi ƙarhi wurin shayi mai kauri da kahi dare da rana, wasu har su faɗa shan taramol, wanda ke kama mutum ya hana shi sakat.

Na biyu marar lahiya. Gajiyayyen ma'aikaci ya hi saurin kuskuren awon magani, ya hi mance wanke hannu, ba ya tsayawa ya yi bayanin yadda za a sha magani. Uwar da aka yi wa tsawa ba za ta faɗi duk abin da ke damun ɗanta ba.

Na uku gari baki ɗaya. Wanda ya gaji yakan yawaita fashin aiki, ya nemi canji, ko ya bar aikin. Waɗanda suka rage nauyinsu ya ƙaru, su ma su gaji. Jama'a su ƙaurace wa gidan likita sai ciwo ya yi tsanani, aiki ya ƙara wuya. Haka abin ke zagayawa.

Sai dai a fahimce mu da kyau. Sanin dalili ba ya halatta laihi. Zagin mace mai naƙuda, karɓar kuɗɗin da doka ba ta sa ba, sayar da maganin da aka kawo kyauta, duk laihi ne, kuma jama'a na da haƙƙin kai ƙara. Abin da muke cewa shi ne: in an hukunta mutum guda aka bar dalilan nan takwas yadda suke, wanda zai gaje shi ma haka zai koma.

Abin da hukuma da shugabannin aiki za su iya

A ɗauki ma'aikata, a raba su bisa yawan jama'a, karkara ta samu rabonta. A ƙara hannuwa a watannin damina tun kahin layi ya yi tsawo. A biya albashi da kuɗɗin magani kan lokaci. A tsara gardi yadda wanda ya kwana aiki zai wuni gida, kowa kuma ya samu hutunshi na shekara. A sa ƙa'ida sananniya ta canjin wurin aiki, don wanda aka tura nesa ya san ranar komowarshi. Mai zuwa duba aiki ya zo da kunnen saurare, kada ya zo da neman laihi kawai. In an yi rasuwa mai tayar da hankali, shugaba ya tara ma'aikata su tattauna, ba tare da ɗora wa wani ba.

Abin da mu jama'a za mu iya

1. Mu kai marar lahiya da wuri. Yaron da jikinshi ya yi zahi a kai shi ranar, kada a jira kwana uku.

2. Ciwon da zai iya jira, mu kai shi da sahe. Amma naƙuda, zubar jini, jijjiga, wahalar numfashi, yaron da ya ƙi nono ko yake amai da duk abin da ya sha, waɗannan ba su jiran gari ya waye. A ƙwanƙwasa ƙofa ko ƙarhe nawa ne.

3. Mu rage yawan ciwon tun daga gida. A kwana cikin sange. A ba yara ƴan wata 3 zuwa shekara 5 maganin rigakahin zazzaɓi na damina, wanda aka fara rabawa a Nijar a 2013, a cika kwana ukunshi kowane wata. A kai yara allurar rigakahi, mata su je awon ciki. Rigakahi ya hi magani.

4. Mu zo da karnen yaro ko na awo, mu bi layi, kada mu nemi a tsallake da mu. Ƴan rakiya biyu sun isa.

5. In magani ya yanke, mu tambayi kwamitin kula da gidan likita dalili kahin mu zargi wani. In an yi mana ba daidai ba, mu kai kuka wurin kwamitin ko wurin maigari, ban da zagi da duka.

6. Baƙon ma'aikaci baƙon gari ne. A taimaka mashi da masauki da ruwa, a gayyace shi suna da ɗaurin aure. Samari su yi gayya su share harabar gidan likita, su kafa rumfa don masu jira.

7. Mu riƙa godiya. Wanda ɗanshi ya warke ya koma ya ce: «Majo, yaron nan ya tashi, Allah ya saka da alheri.» Ba ta cin ko dala, amma ma'aikaci yakan daɗe yana tuna ta.

Zuwa ga ma'aikacin jinya

Ɗan'uwa, ƴar'uwa, jiki magayi ne. In kun ga barci ya ƙaurace muku, ƙaramin abu na sa ku hushi, kukan marar lahiya ya daina taɓa ku, ko kuna jin tsoron wayewar gari saboda aiki, to ku san lokacin neman taimako ya yi. Wannan ba ragwanci ba ne, ba kuma ƙarancin imani ba ne. Ku faɗa wa abokin aiki da kuka yarda da shi, ku faɗa wa shugabanku. Ku karɓi hutunku in ya zo. Ku ci abinci kan lokaci, ku riƙe zumunci da abin da ke kwantar muku da hankali a wajen aiki. Ku nisanci taramol da maganin barci na kai-da-kai. In baƙin cikin ya bi ku har gida, komi ya daina yi muku daɗi, ko tunanin cutar da kanku ya fara zo muku, ku ga lokotoro ba tare da jinkiri ba, domin wannan ya wuce gajiyar aiki, kuma yana da magani.

Ƴan'uwa masu karatu, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Gidan likitan garinmu gonarmu ce ta gandu: abin da muka zuba mata shi za mu girba ranar da ciwo ya shigo gidanmu. Muna roƙon ku karanta wannan bayani ga waɗanda ba su iya karatu ba tukuna, ku kuma tattauna shi a ajin yaƙi da jahilci da taron kwamitin lahiya, tare da ma'aikatan garinku. Ku tambaye su wanne cikin dalilan nan takwas ya hi damunsu, sannan ku duba wanda gari zai iya ɗauke musu kahin damina mai zuwa.

Allah shi ba mu lahiya da damina mai albarka. Amin.